Igiyar Gidan Yaya

A duniyar nan babu ƙasa ko cikin tafin hannu. Gabas ruwa, yamma ruwa. Gidaje a kan tankokin ƙarfe suke shawagi, kowanne ɗaure da na maƙwabci da igiya mai kaurin damtse. A tsakiya tashar Kamfani take, can injin tace ruwan sha yake, can asibiti yake.

Masu nutso ke ciro wa Kamfani ciyawar ƙarƙashin teku. Da huhunsu ya fara lalacewa suka yi kuka, sai aka ƙara musu zurfi. Ranar da aka fito da gawar wani ango, unguwar ta yanke shawara: za a ɓalle daga tashar, a bar ruwa ya ja gidajen kudu, inda ake ruwan sama.

Auta ne mai ƙulla igiyoyin unguwa. Tun hantsi yake bin iyaka yana kwance igiyoyi. Irin ƙullinsu a tsakiya yake, ba ya kwantuwa sai mutum biyu sun ja tare, kowa daga gidansa. In an yi haka, tafiya ce kawai, a dawo a sake ɗaurawa. Wuƙa kuwa ta mamaci ce. Wanda aka yanke igiyarsa ba a amsa kiransa, ba a ƙara ɗaura masa.

Saura igiya ɗaya, ta gidan yayarsa, wanda ke ɓangaren tasha. Mijinta ke kula da injin ruwa, ɗanta kuma yana kwance a asibiti, bututu a hanci.

Ya same ta a bakin dandamalin gidanta tana shanya.

"Yaya, kama mu ja."

"Ko gaisuwa babu? Tawaye ya hana ka ladabi?"

"Ina kwana. Kama."

Ta matse rigar yaron, ta nuna sandar Kamfani da haɓa. Kyamarar da ke kan sandar na kallonsu.

"Maƙwabciyarmu ta ja wa ƙaninta ɗazu. Kafin ta saki igiyar an fito da uwarta daga asibiti, a kan tabarma."



"To ki ɗauko yaron, ku hau namu."

"Da bututun? Kai za ka riƙa hura masa?"

Daga bayansa shugaban masu nutso, wani tsoho mai tari, ya ɗaga murya. "Auta! Ruwa ya juya! Kwale-kwalen masu gadi sun taso!"

Igiyar ta miƙe tana ƙara. Gidajen unguwar gaba ɗaya a kanta suke rataye.

Yaya ta shiga madafi, ta fito da wuƙar gyaran kifi. Ta juya wa kyamara baya, ta tura wuƙar da ƙafa har gabansa.

"Ba ki mutu ba," in ji shi.

"Na sani mana. Ni da nake tsaye."

"Ba zan ƙara amsa miki ba."

"Da can amsa mini kake? In aike ka, ka yi kamar kurma." Ta yi dariya. "Yanke, ƙanina. Su ga kai ka yi, ba ni ba."

Wuƙar ba kaifi. Ya daɗe yana gurzawa, zare bayan zare, ita kuma tana zaginsa da ƙarfi don kyamara ta ji: maci amana, ɗan banza, mara mutunci. Zaren ƙarshe ya tsinke da kansa. Dandamali ya girgiza, ruwa ya buɗe a tsakaninsu.

Babu wanda ya yi shewa. Masu nutso suka cire huluna suka zo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya miƙa masa hannu.

"Ya haƙuri, Auta?"

"Haƙuri sai ma'aiki," ya ce, a hankali.

"Allah ya jiƙanta," in ji tsohon.

Ta saman kafaɗar tsohon yana hango ta. Ta daina zagi, ta ɗaga hannu biyu tana kiransa. Ya sunkuyar da kai, ya karɓi hannun na gaba.