Ai Naku Ne, Inna

Ɗana Abba ba ya son abu biyu lokaci guda. In ya kama abu, to duniya ta tsaya ke nan, sai wannan abin. Da makullan babansa ya fara, yana kwana da su a hannu har su yi masa shaida a kumatu. Daga nan ya koma kan wani takalmin roba, ƙafa ɗaya tak, ta hagu, yana jan sa daga ɗaki zuwa tsakar gida yana ba shi tuwo. Sai keke napep. Wannan kam mun sha wuya, don a layinmu na Gwallaga keke ba ya yankewa, kuma kowanne ya wuce sai an ɗaga Abba sama ya yi masa bai-bai. Na ƙarshe kafin yaye shi ne wani shuɗin ludayin roba da nake dama masa koko da shi.

Kamawar ba ta taɓa damuna ba. Sakin ne yake ba ni tsoro. Ranar da ya gama da takalmin nan, tsallake shi ya yi a bakin ƙofa, ko kallo bai ishe shi ba. Na ɗauka na miƙa masa, ya dube ni kamar na ba shi dutse. Haka yake, in ya saki abu ya saki ke nan, babu waiwaye.

Duk wannan ni na san shi dalla-dalla, amma ban isa in faɗa ba. Abba ɗan fari ne, kuma sunan marigayi surukina aka sa masa, Mansir. A gidan da na tashi, mace ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta wasa da shi a gaban manya, in ya faɗi a gaban surukai sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Haka aka koya min, haka kuma nake yi. Sai mun shiga ɗaki na sakaya ƙofa nake cinye kumatunsa son raina.

Da ya kusa shekara biyu, mijina Sabitu ya karɓo rubutun yaye a wajen malamin masallacin layinmu, muka ɗauki yaron sai ƙauyen Inkil, wajen mahaifiyarsa Hajiya Bintu, wadda duk muke kira Inna. Al'ada ce, a kai yaro gidan kakarsa ya ɗan kwana biyu har ya manta da nono, sannan a dawo da shi. Inna na hango shi ta buɗe hannu.

"Maigida ya dawo," ta ce. "Haka za ka shigo min hannu rabbana, babu cefane?"

Tun da aka sa masa sunan mijinta haka take kiransa. Gidan kuwa tun rasuwar tsohon ya yi mata faɗi, daga ita sai awaki da tantabaru, 'ya'ya duk sun watse cikin gari. Ta ɗora shi a cinya, ta dube ni.

"Saude, in ya ji daɗin zama da ni fa? Sai in riƙe abina."

Na sunkuyar da kai na ce, "Ai naku ne, Inna. Ni mene ne nawa a ciki?"

Wallahi kara ce kawai. Magana ce da kowace 'yar mutunci take faɗa, kuma kowace suruka ta san yadda ake jin ta, a yi dariya a wuce. Inna ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Allah ya yi miki albarka," ta shafa kansa a hankali. Ludayin nan yana cikin jakata, musamman na taho da shi, amma ta yaya zan fito da shi in ce ga abin da yake so, ga yadda ake lallashinsa? Sai a ce ji marar kunya, ta haddace ɗan fari. Yadda na tafi da ludayin haka na dawo da shi gida.

Nono ya cika ya yi tauri har da zazzaɓi, na sha jiƙe-jiƙe, ya sauka. Wannan mai sauƙi ne. Sati ya wuce, wani ya bi bayansa, babu wanda ya ce uffan game da dawowa. Sabitu yana zuwa Inkil duk Juma'a in ya rufe shagon waldarsa, ya dawo ya ce min, "Suna gaishe ki." Ni kuma in yi ta zagaye-zagaye kamar mai neman allura, in tambayi awaki, in tambayi gona, kafin in iso inda nake so.

"Yaron bai dame ta da kuka ba dai?"

"Da farko ne. Yanzu ko a jikinsa, har ƙiba ya yi."

Na ce alhamdu lillahi. Na san wannan "ko a jikinsa" ɗin, na ga yadda take a kan takalmi da makullai.

Wata Juma'ar ya dawo da saƙo. Inna ta ce a haɗa sauran kayan Abba a aika mata, har da waɗanda aka ɗinka masa na Sallah. Ina tsaye da kwanon abinci a hannu, na ajiye shi a gabansa.

"Yaya, yaushe za a dawo da shi?"

"Dawo da wa? Ke kika ba ta."

"Kara na yi."

"To ita ba ta ji kara ba. Ta gaya wa dangi kaf cewa kin bar mata shi, ana ta sa miki albarka. Yanzu in je in ce wa uwata me? Baki shi ke yanka wuya, Saude." Ya jawo kwanon. "Ni ma ai a wajen kakata na tashi. Me ya same ni?"

Na dube shi, mutumin da har yau in ya zauna gaban mahaifiyarsa sai ka ce baƙo ya zo gaisuwa, ba ya wuce bakin tabarma. Na ce to, ni zan kai kayan da kaina, in gaida Inna. Ya ce hakan ya yi.

Da safe ina fitowa da jakar, Nkechi mai shagon tireda a ƙofar gidanmu ta tsare ni. Ita ce take ba Abba biskit tun bai yi haƙori ba. Ta ga jakar, ta ga idona, ba ta buƙaci bayani ba.

"Maman Abba, wannan kunya naku ni ban gane ba," ta ce da irin Hausarta. "Wa ya haifi yaro? Je ka ɗauko yaro naka."

Na ce mata ba haka ake yi ba. Ta taɓe baki ta koma cikin shago. Haushinta ya kama ni, don ta faɗi abin da ban so a faɗa ba.

An yi ruwa da asuba, hanyar shiga gidan Inna duk taɓo, masara ta kai kafaɗa dama da hagu. Tun daga zaure na ji muryar Abba. Yana tsugune a gaban tukwanen tantabaru, hannunsa cike da dawa, yana ce musu "kuu, kuu". Sabon abin ke nan. An yi masa aski, ya yi baƙi, ya ƙara tsawo, duk a bayan idona.

Inna tana zaune a inuwa ita da wata ƙawarta, tsohuwa mai baƙin mayafi, suna tsinkar zogale. Na durƙusa na gaishe su. An tambayi mutanen Gwallaga, an tambayi ruwa, an tambayi gajiya, ni ko ina amsawa ina jin takunsa a bayana, ban isa in juya ba. Ya zagayo ya tsaya a gabana. Ya kalle ni tun daga ɗankwali har ƙasa. Na jira. Sai ya wuce ya laɓe a bayan Inna, yana leƙo ni ta kafaɗarta.

"Maigida, ba ka gaida baƙuwa?" in ji ƙawar, tana dariya.

Na zura hannu cikin jaka na fito da ludayin, na ajiye a gefen tabarma kamar faɗowa ya yi. Ya leƙo ya dube shi. Ko hannu bai miƙa ba. Wata tantabara ta sauka a kan turmi, ya bi ta da gudu.

"Kayan ne wannan?" Inna ta ce. "Shigar min da su ɗaki."

Ban motsa ba. Na san in na shigar da jakar nan ɗaki, an gama. Zan zama mai zuwa gaisuwa ranar Juma'a, in kawo biskit, in zauna a bakin tabarma.

"Saude, ba ki ji ba ne?"

"Inna, ba kaya na kawo ba. Zuwa na yi in tafi da shi."

Ƙawar ta saki reshen da ke hannunta. "Ikon Allah. Yau ga 'yan zamani."

Inna ba ta ɗago ba. "Ke da bakinki kika ce nawa ne. A nan wajen kina durƙushe."

"Ƙarya na yi, Inna." Na ƙi tsayawa, don na san in na tsaya ba zan sake iya farawa ba. "Ɗana ne. Ina son sa. Tun da na bar shi ban yi barcin kirki ba. Ki yafe min, amma ba zan iya ba."

Ban taɓa cewa "ɗana" a gaban babba ba sai ranar. Kunya ta rufe ni har na ji kamar in nutse, amma ban janye ko kalma ɗaya ba. Inna ta ci gaba da tsinkar zogalenta, ganye bayan ganye, har ta gama reshen. Sannan ta karkaɗe zaninta.

"To ga ki ga shi. Ɗauki."

Na tashi na nufe shi. Ina kai hannu ya ƙwalla ƙara, ya zille, ya ruga ya cukwikwiye zanin Inna da hannu biyu. Na sake kamo shi, ya shure ni a ƙirji, ya gantsara min cizo a hannu. "Inna, Inna," yake ta kira, ba ni ba. Tantabaru suka tashi gaba ɗaya.

"Ai shi ke nan, yaro ya zaɓa," ƙawar ta ce. "Ki bar shi inda ransa yake so."

Na tsaya a tsakar gida hannuna yana zogi. Na zubar da mutuncina a gaban surukata saboda yaron da bai ma san ni ba. Na fara tunanin in ɗauki mayafina in tafi, kuma Allah ya sani saura kaɗan.

Sai Inna ta sunkuya. Ta kama yatsunsa tana ɓamɓare su daga zaninta ɗaya bayan ɗaya, yana mayarwa tana sake cirewa. Ta ɗaga shi yana wutsil-wutsil.

"Juya," ta ce min.

Na juya na sunkuya. Ta ɗora min shi a baya, ta ciro zani daga kan igiya ta goya min shi da kanta, ta ɗaure tamau har numfashina ya tsaya. Ta ɗauki jakar ta rataya min a hannu.

"Kada ki kawo shi nan kusa. Ki bari sai ya manta, in ba haka ba kullum sabon kuka."

"Haba Inna, ai ba zai manta da ke ba."

"Kada ki sake yi min kara, Saude. Ta farko ta ishe mu." Ta gyara bakin goyon, ba ta yarda ta kalli fuskarsa ba. "Ba ya daɗewa. Na ga yadda ya yi da ke."

Ta shige ɗaki ta saki labule. Na tsaya ina jira ko za ta fito in yi mata sallama, ba ta fito ba.

Har bakin titi yana dukan bayana yana kiranta. Na tare keke, na kwance shi na riƙe a cinya, yana banƙarewa yana miƙa hannu baya. Mai keken ya leƙo ni ta madubi, ya sake leƙowa, kamar mai shakkar ko sato shi na yi. Na ce masa, "Malam, ɗana ne, ja mu je." A raina ina ta addu'a, Allah ka mantar da shi, Allah ka mantar da shi da wuri. Ban ji kunyar addu'ar ba ko kaɗan.

Ba mu yi wata tafiya ba na ji shiru. Na zaci barci ne ya ɗauke shi, na leƙa fuskarsa. Idonsa biyu. Wata tirela ce a gabanmu cike da shanu, ƙahoninsu sun yi cirko-cirko a sama, shi kuma ya saki baki yana kallo. Ya ɗaga yatsa ya ce "muu", ya ƙyalƙyale da dariya, hawayen ko bushewa bai yi a kumatunsa ba. Ko cikin gari ba mu shiga ba. Na tabbata Inna tana can bayan labule, dawar da ya zubar tana nan a ƙasa ba a share ba.

Abin da na roƙa ke nan, aka kuma ba ni, amma sai kuka ya ƙwace min. Na rungume shi da ƙarfi, na kifa fuskata a kansa. Ya ture hannuna, don na tare masa shanun.