Auduga a Hannun Dakta Talle

Duk wanda ya taɓa ratsa Babbar Kasuwa da hantsi ya san muryar Dakta Talle. Bai taɓa leƙa ajin likitanci ba, lasifikarsa ce ta naɗa shi. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana sayar da wani jiƙo mai suna Wanke-Jini, wanda a faɗarsa yake kashe tsutsa iri arba'in da huɗu, har da waɗanda Turawa ba su kai ga ganowa ba. Kullum sai ya kurɓa a gaban jama'a don su shaida.

Ranar da aka kwantar da yayarsa Zuwaira, wadda ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, likita ya ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, lallai a ƙara mata leda ɗaya kafin la'asar. Dangi suka cika barandar asibitin. Ɗanta Salisu, direban tifa, har ya fara naɗe hannun riga, Talle ya dakatar da shi. Wane jinin kirki ne a jikin mai cin abincin tasha? In za a sa wa Yaya jini, to a sa mata wankakke.

Martha, ma'aikaciyar ɗakin gwaji, ta ɗebi kaɗan don dubawa, ta manna masa auduga, ta ce ya jira. Da ta gama ba ta ja zance ba, ta ce ya sa ido a na'urar duba jinin da kansa. Talle ya leƙa. Wasu 'yan abubuwa sirara kamar zare suna ta wutsil-wutsil cikin jininsa, hankalinsu kwance, sai ka ce gidan ubansu. Ya tambaya ko datti ne a gilashin. Ta ce ita dai ba ta taɓa ganin datti yana iyo ba. Tsutsotsi ne da cizon ƙwari ke sawa, akwai maganinsu, amma ba za ta ɗura wa marar lafiya su ba. Ta ce ya yi maza ya turo wani.

Ya fito da niyyar faɗa wa dangi gaskiya, in ji shi. Amma da dangi suka hango audugar sai aka yo kansa da sannu. Wannan ta shimfiɗa tabarma, wancan ya kama fifita, Salisu kuwa ya riga ya sayo madarar gwangwani da lemo, irin tarbar da ake yi wa wanda ya ba da jini. Rabin mutanen nan da kwalbar Wanke-Jini a ɗakunansu. Talle ya langaɓe kai, ya shanye madarar tas. Aka yi hamdala aka watse, Salisu ya tafi ɗaukar yashi.

Sai da baranda ta yi shiru ya shiga wurin Zuwaira. Tafin hannunta fari fat, numfashi sama-sama. Ta dubi ledar ruwan da ke rataye, ta dube shi.

"An ce mani ka ba da, Talle. Allah shi yi maka albarka. Tun da na ji naka ne za a sa mani, hankalina ya kwanta."

Kunya da tsoro suka rufe shi lokaci guda. Ya lalubo waya ya kira Salisu, ya juya wa gadajen baya, ya yi ƙasa da murya ya ce ya dawo yanzun nan.

"Kawu, ban ji ka! Injin na kuka, ɗaga murya!"

Ya sake faɗa. Salisu ya ce ai an gama, me kuma zai dawo yi? Ɗakin cike yake da masu jinya, kowa ya kasa kunne. Talle ya runtse ido.

"Ba a ɗauki nawa ba! Tsutsa gare ni!"

Salisu ya ce ga shi nan ya juyo, sai dai ya wuce garin Batagarawa da nisa. Talle ya ɗaga kai ya dubi agogon bango. Uku da rabi har ta gota.