Dattijuwa da Munafuka

"Baba, don girman Allah ka kashe ta! Ka kashe ta na ce!"

Mai Wanki tana tsaye a kan bokitin da ta kife a jikin katanga, kanta kaɗai ya leƙa gidan maƙwabcin, hannuwanta duk kumfa. A bayanta fararen zannuwan gadon asibiti sun cika igiyoyi, baƙin hayaƙi kuwa yana tsallako katangar a natse kamar an gayyace shi.

Baba Direba bai ji ba, ko kuma ya yi kamar bai ji ba. Yana zaune a tsohuwar motarsa mai shan dizal, wadda yake kira Dattijuwa, ƙafa ɗaya a waje, yana ba ta wuta, ya karkata kai yana sauraron injin. Sai da ya ga dama ya murɗa makulli.

"Kin tashi lafiya, 'yata? Kin ji muryar Dattijuwa yau? Ko tari ba ta yi ba."

"Ni na yi mata tarin. Baba, dubi shanyata."

Ta ɗaga gefen zani ɗaya. Ɗigo-ɗigon baƙi ya bi shi tun daga sama har ƙasa. Wankin da ta fara tun da asuba ya tashi a banza, kuma ba wannan ne na farko ba. Matar da ke kula da kayan asibitin ta riga ta ja mata kunne a gaban mutane: in aka sake kawo zani da tabo, za su ba wani aikin. Da wannan wankin Mai Wanki take riƙe da gidanta, ita da 'ya'yanta, tun da mijinta ya rasu. Baba ya san haka sarai, domin shi ya kai ta asibitin ranar da ta je neman aikin, a cikin Dattijuwar nan kuwa.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne, ba wai ba shi da wata motar ba. Ga ta can ƙarƙashin bishiyar ƙofar gida, fara sol, ɗansa ya aiko masa. Irin ta zamani ce mai injin fetur haɗe da babban batir, wadda in ta shiga cunkoso take kashe injin da kanta ta ci gaba da tafiya a kan batir, shiru. Wannan shirun ne Baba ya ƙi jini. Ranar da aka kawo ta ya zagaya ta, ya taɓe baki, ya raɗa mata suna Munafuka.

"Abin da zai zo bayanka ba sallama, me za ka kira shi?" in ji shi.

Ɗan ya yi ta bayani a waya cewa ba ta shan mai. Baba, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jan manyan motoci a dogayen hanyoyi, ya ce duk duniya babu injin da ya kai na dizal tattali, wanda ya ce akwai bai taɓa riƙe sitiyari ba. Da gardamar ta yi tsami ne ya yi rantsuwa a gaban Tela, mai shago a tsallaken titi: ranar da Munafuka ta fi Dattijuwa tattalin mai, ranar zai sa Dattijuwa a kasuwa. Mai Wanki ta kama wannan magana ta riƙe gam.

To, sai aka shiga gwaji, kuma gwajin Baba sai wanda ya gani. A cika kowace mota maƙil, a yi tafiya, a dawo a sake cikawa da jarka, wadda ta fi karɓa ita ta faɗi. Tsari ne mai kyau, in da mai adalci aka ba. Amma ranar Dattijuwa sai Baba ya fita da sanyin safiya ya hau babban titin bayan gari inda babu ko akuya, ya lallaɓa ta kamar mai ɗauke da ƙwai. Ranar Munafuka kuwa sai ya tuna yana da buhunan siminti da zai kai wa wani, ya ƙure na'urar sanyi, ya riƙa take totur kamar yana da tsohuwar gaba da shi.

"Wannan ai cuta ce da rana tsaka," Mai Wanki ta ce wa Tela, ta dire ƙunshin guga a kan bencinsa, Baba na zaune a gefe. "Kai ne shaida, kana kallo ka yi shiru."

Tela ya cire allura daga bakinsa. "Ni fa tawa 'yar fetur ce zalla, ba ta yi wa kowa alkawari ba. Amma in gaskiya ake so, Baba, a doguwar hanya taka ba ta da sa'a. A cikin gari kuwa, tsaya-tafi, tsaya-tafi, ta yaron nan za ta cinye. Kowace da gidanta."

"Cikin gari wasan yara ne," Baba ya ce daga kan kujerarsa. "Doguwar hanya ita ce tuƙi."

"Baba, yaushe rabonka da doguwar hanya?" Mai Wanki ta ce. "Daga kasuwa sai masallaci, sai kantin magani. Ina kake zuwa?"

Maganar ta fita kafin ta auna ta. Baba ya dube ta, ya dubi Dattijuwa ta ƙofar gidansa da ke buɗe. Ya miƙe da ƙyar, ya ɗan dafe ƙirji kamar yadda ya fara yi a 'yan kwanakin nan in ya ɗaga jarka, ya tsallaka titi ya shige. Ta ji babu daɗi har cikin ranta, amma haushi bai bar ta ta bi shi ba. Da yamma dai ta zuba abinci ta kai masa kamar kullum, domin tun rasuwar matarsa shi kaɗai ne a gidan. Ya karɓa, ya miƙo mata farar rigarsa ta fita a wanke masa, ba wanda ya tayar da zancen.

Washegari da hantsi ya ƙwanƙwasa mata ƙofa, fuskarsa a sake kamar ba a yi komai ba.

"Na samo gwajin da babu cuta a ciki. Kun ce cunkoso, ko? To cunkoso ai tsayuwa ce. Kowace za a kunna ta a bar ta a tsaye daga yanzu har azahar. Dattijuwa in tana tsaye lasar mai kawai take yi. Yau ita, gobe Munafuka."

"Yau? Baba, zannuwan asibiti ne a igiya! Da yamma za a zo karɓa. Ka bar Dattijuwa tana hayaƙi har azahar, ai ka kashe ni ka huta."

"To, to, to. A fara da taku. Kada a ce tsoho ya yi son kai."

Ya kira Tela ya ga yadda aka cika tankin har baki, ya shiga Munafuka a ƙarƙashin bishiya, ya ja ƙofa, ya rufe gilashi, ya kwantar da kujera kaɗan. Ya ce shi zai zauna a ciki, don bai yarda da abin da ke kashe kansa ya kunna kansa ba.

Mai Wanki ta koma bakin aiki. Tana dirza, tana ɗauraya, tana jin motar daga waje: ta yi shiru na ɗan lokaci, sai injin ya tashi da ɗan gurnani, ya yi caji, ya sake mutuwa. Duk tashin da ya yi sai ta ga kamar man ne ke zurarewa tare da aikinta. Da rana ta ɗaga ta fito zubar da ruwa, ta hango shi ta gilashi, hula ta ɗan zamo, kai a jingine.

"Baba, a dai rage sanyin nan, kada a ce ta sha mai!"

Bai juyo ba. Ta ce a ranta fushin jiya ne ya dawo, ta yi tsaki ta shige. Ta sake fitowa karɓar gawayin dutsen guga, ta sake yi masa magana, shiru. Injin ya tashi, ya mutu. Tela ya ɗago daga kan keken ɗinki ya ce, "Bar shi, barci ne. Sanyin Munafuka ya yi masa daɗi, ba zai faɗa ba ne kawai." Suka yi dariya.

Har aka kira azahar bai motsa ba, mutumin da ko yana ƙarƙashin mota yake fitowa in ya ji kira. Mai Wanki ta ajiye kwanon abincin a kan bonet ta ƙwanƙwasa gilashi. Ta ƙara ƙwanƙwasawa da ƙarfi. Ta ja ƙofar, sanyi ya bugi fuskarta.

"Baba? Baba, azahar ta yi."

Ta taɓa hannunsa da ke kan cinya. Salatin da ta saki shi ya fito da Tela a guje ba takalmi, maƙwabta suka biyo baya. Likitan da aka kira ya ce zuciya ce, kuma ya ɗan jima da cikawa. Da Dattijuwa ce ta yi ruri haka ba a ba ta wuta ba, ba a kashe ta ba, da duk layin ya fito tun da wuri, da ita Mai Wanki ce ta farko a kan bokiti. Wannan kuwa ta yi ta kunna kanta tana kashe kanta, kowa na zaton mai ita na lura.

Bayan an ɗauke shi aka ga motar har yanzu a kunne take. Tela ya sunkuya ya danna maɓallin, idonsa ya faɗa kan ma'aunin mai.

"Ko motsi bai yi ba," ya ce a hankali. "Kin ci."

"Rufe min baki, Tela. Don Allah rufe min baki."

Da yamma matar asibiti ta aiko aka karɓi zannuwa. Fes suke, ba ɗigo ko ɗaya, har da saƙon yabo. Mai Wanki ta miƙa su ba ta ko ɗaga kai ba.

Da aka gama zaman makoki ɗan Baba ya yi sallama a ƙofarta. Mutum ne mai ladabi, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce Tela ya ba shi labarin rantsuwar, kuma ya samu mai sayen Dattijuwa, yanzu za a tayar da ita.

"Na ce bari in faɗa miki, Yaya, ki kwashe shanya tukuna. Na san halinta."

Shekara da shekaru ba a taɓa yi mata wannan sanarwa ba. Ta yi godiya, ta bi igiyoyi tana sauke zannuwan asibiti tana ninkewa, ta kai ɗaki ta ja ƙofa. A ƙarshen igiyar da ke jikin katanga saura abu ɗaya, farar rigar Baba, wadda sai yau ta iya sa ta a ruwa. Ta kai hannu kan maƙalin da ke riƙe da ita, ta tsaya.

Daga can Dattijuwa ta yi tari, ta sake yi, sannan ta kama da rurin nan da ya saba girgiza kwanukan kicin ɗinta. Hayaƙi ya tsallako katanga. Mai Wanki ta sauke hannunta. Tana nan tsaye har ƙarar ta fita daga gidan, ta bi layi, ta sha kwana, ta ɓace.

Rigar tana ɗigar ruwa a hankali, baƙin ɗigo-ɗigo ya sauka a kafaɗunta da bakin aljihu. Ta gyara mata wuya, ta ƙara maƙali ɗaya saboda iska, ta bar ta ta bushe.