Kujerun Ɗakin Ɗinki

Tun yana ƙarami Injiniya yake ganin goggonsa tana dawowa daga kamfanin ɗinki dafe da ƙugu. Da hannunsa ya faɗa a aiki, sai ya ƙera kujera mai majingini lanƙwasasshe, da wani ɗan ƙarfe a ƙasa wanda ake murɗawa ta hau ko ta sauka daidai tsawon mai zama.

Manajan kamfanin kuwa ba ya sayen abu da ka. Ya ce a gwada tukuna. Idan likitar kamfani ta tabbatar kujerar na rage ciwon baya, kowa zai samu. In ba haka ba, Injiniya ya zo ya kwashe kayansa.

Aka yi yadda masu bincike suke yi. Aka jefa ƙuri'a tsakanin layuka biyu na ɗakin, layin taga ya samu sababbin kujeru, layin bango ya ci gaba da tsofaffin na katako. Goggo ce shugabar ɗakin, kuma a layin bango kekenta yake. Abin bai yi wa Injiniya daɗi ba, amma bai taɓa ƙuri'ar ba. Ya ma ɗauke ƙafa daga ɗakin, kada matan su yabi kujerar don kara.

Da lokaci ya cika, likita ta kira shi. Ta ce ciwo ya ragu sosai, sai dai ya ragu daidai wa daida a layukan biyu. Tunda babu bambanci, ba za ta iya ce wa Manaja kujerar ce ta yi aikin ba. Wataƙila ɗinkin ne ya yi sauƙi a kwanakin.

Ya tafi kwasar kujerunsa, ya isa ana dawowa daga hutun rana. Tun daga ƙofa ya ji ƙarar jan ƙarfe a siminti. Da ya leƙa, sai ga sababbin kujeru suna ƙetarawa layin bango, tsofaffin suna komawa layin taga, Goggo tana tsakiya da almakashi tana ba da hannu kamar ɗan sandan kan titi.

"Goggo, me ake yi haka?"

"Canji. Safe nasu, yamma namu."

Ya tambaye ta tun yaushe, ta ce tun ranar da ya juya baya. Kuma 'yan layin taga ne da kansu suka kawo shawarar.

"Haba ɗan nan," in ji wata da ake ce wa Gajera. "In jingina kamar mai kamfani, goggonka tana nishi a gabana? Da wane ido zan dube ta?"

Ta ƙara da cewa ba su ɓoye wa likita komai ba. Labarin baya ta tambaya, labarin baya suka ba ta.

Injiniya ya zube kan wata tsohuwar kujera yana dariya har da hawaye. Bincike dai ya lalace, amma da alama ba kujerar ce ta gaza ba. Kowane baya a ɗakin rabin yini yake samu.

Ya je ya kira Manaja da likita suka gani da idonsu. Likita ta riƙe kai tana dariya, ta ce dole a sake gwajin daga farko. Injiniya ya ce wannan karon zai zo da noti da sifana ya ɗaure kowace kujera a ƙasa.

"Ɗaure abinka," in ji Goggo, tana zura zare a allura. "Kujera ka ɗaure, mu ai da ƙafafunmu."

Manaja ya tsaya yana duban simintinsa, duk ya karce tun daga taga har bango. Ya ce shi bai taɓa ganin ma'aikata sun ja abin banza kullum da rana tsaka ba. A cika wa ɗakin nan kujeru kafin a ƙarasa masa daɓe. Gwajin kuma a kai shi ɗakunan sama, inda katanga ta raba mutane.

Goggo ta murɗa ƙarfen kujerarta ta ɗan yi sama, ta jingina, ta taka keke.

"Ɗakunan sama?" ta ce. "Ƙanwata ce shugaba a can. Ku dai sa ido."