Gadon Jikar Usta Safwat

Tun da likita ya hana mijina shiga ɗakin feshi, gidanmu bai ƙara samun natsuwa ba. Safwat ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana fesa wa kujeru da gadajen garinmu Dumyat man sheƙi, har huhunsa ya soma ƙara in yana numfashi. Aka ce ya zauna a gida, shi kuwa bai taɓa iya zama ba. Ya leƙa baranda, ya dawo ya buɗe firij ya rufe, ya tambaye ni ƙarfe nawa alhali agogo na ɗaure a hannunsa.

Ana cikin haka 'yarmu Azza ta zo da labarin tana da ciki. Ban gama guɗa ba ya miƙe tsaye.

"Ni zan yi gadon jaririn," in ji shi. "Katako zalla. Ko ɗigon feshi ba zai taɓa shi ba."

"Baban Azza, kai fa ba kafinta ba ne."

"Na fi kafintocin sanin abin da suke ɓoyewa a ƙarƙashin fenti."

Washegari ya ja ni kasuwar katako. Duk shagon da muka shiga sai a tashi ana "Usta Safwat, babban gwani, sannu da zuwa, a kawo shayi," shi kuwa ko kallon shayin ba ya yi. Ya ɗauki falle ya kai hanci, ya ajiye. Wannan garin katako ne aka matse da gam, wancan an jiƙa shi da maganin gara, wancan kuma bai bushe ba. Wani mai shago, tsohon abokinsa, ya ce, "Usta, sayen katako ka zo ko neman aure? Ko angon ma ba ya shinshina amarya haka."

"Da na shinshina abin da kuka sa ni fesawa, da yanzu ina hawa bene ba hutu," in ji Safwat, tari ya sarƙe shi.

Sai da ƙafafuna suka kumbura kafin ya yarda da wani farin katako mai nauyi. A hanyar gida ma ya so mu koma, wai yana jin kamar na shagon farko ya fi.

Daga nan ya koma kan ɗakin da jaririn zai kwana. Wafik, mijin Azza, yaro ne mai haƙuri, malamin lissafi. Ya sa an yi wa ɗakin jaririn fenti ruwan bula mai ƙyalli don ya burge mu. Safwat ya shiga, ya tsaya, ya fito riƙe da ƙirji.

"Ɗana, wannan warin a jikin bango yake zama, yana fita a hankali. Jariri kuwa ba ya iya cewa a buɗe taga."

"To Baba, ya za a yi?"

"A kankare. A shafa farar ƙasa."

Wafik ya dube ni, na kawar da kai. Azza ce ta raba gardamar, ta ce ita ma tun da aka yi fentin kanta ke sarawa in ta shiga. Aka kankare.

Labari ya kai kunnen Hajiya Bahiya, uwar Wafik, wadda falonta ko'ina ruwan zinari ne, har ƙafar tebur. Ta iso gidanmu da rana tsaka, tana fifita da gefen mayafi, ta miƙa wa Safwat wayarta. Hoton gado ne fari fat, mai sheƙi, da tsuntsayen zinari a kai.

"Alhaji, wannan na zaɓa wa jikana. Na ji an mayar da ɗakinsa kamar kabarin waliyyi, to gadon dai a bar mini."

"Hajiya, irin wannan na fesa dubunsa. Shi ya cinye mini huhu."

"Allah ya ba ka lafiya. Amma kai a cikin feshin ka zauna, shi a kan busasshe zai kwanta. Kuma mu a Dumyat, duk ƙasar nan wurinmu ake zuwa sayen gado, a ce jikanmu yana kwana a kan katako tsirara kamar teburin mahauci? Ranar suna in sa fuskata ina?"

"Ba tsirara ba. Man 'ya'yan kittani, irin wanda ake ci, da kakin zuma zan shafa masa."

"Gado za ka yi ko tuya?"

Na yi dariya, ya harare ni. Hajiya ta sha shayinta, ta ci meshabbek, alkakin garinmu, da na ajiye mata, ta tafi ba a daidaita ba. Da na raka ta bakin bene sai ta riƙe hannuna ta rage murya.

"Maman Azza, tarin nan nasa kullum haka yake?"

"Yau ma da sauƙi."

Ta saki hannuna ta sauka.

Aikin ya koma saman rufin gidanmu, kusa da ɗakin tantabaru, inda iska ke kaɗawa. Safwat ya ba wani kafinta ya haɗa masa gadon, da aka kawo ya kifa shi ya ga an sa masa matsattsen katako a ƙasa, inda katifa za ta rufe. Ya wargaza shi. Aka sake. Ya ce sandunan sun yi nisa da juna, kan jariri zai shige. Aka sake. Cikin Azza na girma, shi yana sama yana goga samfefa, ya sauko ya wanke hannu, ya tuna wani lungu ya koma. Abinci ma a tsaye yake ci. In na yi magana ya ce saura kaɗan.

Da ya zo shafa man, sai ya zuba da yawa, don hannunsa ya saba da bindigar feshi, bai saba da tsumma ba. Ga damina ta shigo, iskar teku jiƙe take. Man ya ƙi bushewa. Kullum da safe ya hau ya ɗora yatsa, yatsan ya manne. Har gashin tantabara ya liƙe a jiki.

Azza kuwa ba ta jira shi ba. Naƙuda ta zo mata tun kafin lokacin da aka ɗiba, muna tsakiyar karyawa. Kafin la'asar ta haifi mace, 'yar ƙarama mai gashi. A barandar asibiti Safwat ya kai ya kawo har wata ma'aikaciya ta ce ya zauna ko ya fita. Da aka miƙa masa jaririyar ya yi mata kiran salla a kunne, sai ya juyo gare ni.

"Nagat, ba ta da gado."

Hajiya Bahiya na zaune tana jinsa. Na ɗauka yanzu za ta ciro wayarta. Shi ma abin da ya ɗauka ke nan, don ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, ki sayo naki. A dai bar shi a baranda ya sha iska tukuna."

Ta tashi ta gyara mayafi ta fita.

Ranar da aka sallamo su muka tarar da ita a gidan Wafik, ta riga mu. A tsakiyar farin ɗakin nan ga wani ɗan gado da aka saƙa da sandunan reshen dabino, ba ƙusa, ba gam, ba fenti. Ta shimfiɗa masa farin zane.

Safwat ya zagaya shi. "Hajiya, wannan ai akurkin kaji ne."

"Irin akurkin da na kwana a ciki, ni da ƙannena duka, a ƙauyenmu. Ɗan mai saƙa wa babana na sa ya yi. To shinshina mana, tunda aikinka ke nan."

Ya durƙusa da ƙyar ya kai hanci. Ya daɗe a haka. Ya bi sandunan da tafin hannu, ya sami wata 'yar tsaga, ya ciro samfefa daga aljihun jallabiyarsa ya goge ta.

"To ranar suna fa?" in ji shi. "Ina za ki sa fuskarki?"

"Zan ɗaura masa kyalle mai zinari. Ka ce shi ma yana da wari in gani."

Aka sa wa yarinya Tahani. Ranar suna mata suka cika gidan, ana daka turmin ƙarfe ana watsa gishiri kamar yadda al'adarmu take, wasu na leƙa gadon suna taɓa juna. Hajiya ta ce musu yayi ne, a Alƙahira ma yanzu shi ake nema, kuma ta faɗa da irin fuskar da ba mai iya musa mata.

Gadon Safwat ya bushe daga baya, bayan ya kankare man ya sake shafawa siriri-siriri. Ya yi kyau, launin zuma, mai santsi a hannu. Ranar da aka sauko da shi Wafik ya fito da katifar soso a cikin leda. Safwat da Hajiya suka dubi juna.

"Auduga," in ji Hajiya. "Na san wani mai ɗinkin katifa a bayan masallacin bakin teku."

"Audugarsa sabuwa ce ko tsofaffin tsummoki yake cusawa?"

"To taso mu je ka tambaye shi da kanka. Maman Azza, ba shi maganin shaƙarsa, kada ya faɗo mini a hanya."