Takardar Idon Kyaftin Ashafa

Kafin Kyaftin Ashafa ya gama zama a kujera, Dakta Abdussamad ya riga ya buga wa takardar hatimi, tim, ya sa hannu.

"Ba za ka duba ni ba?" in ji Ashafa.

"Haba Kawu! Ni in rufe maka ido ɗaya in ce karanta, kamar ɗan aji ɗaya? Wallahi da kunya. Shekara goma sha takwas kana shigo da jiragen ruwa tashar Yanbu, wa ya taɓa jin ka goge ko da fenti? Halas, an gama. A gaida Inna Rakiya."

Ba wani kawunsa ba ne fa. Lokacin da likitan ya sauka Madina daga Zariya da akwati ɗaya, a falon Ashafa ya kwana wata biyu, yana cin tuwon Rakiya, matar Ashafa, har da neman ƙari. Tun daga nan ya zama ɗan gida. Ashafa ya buɗe baki zai yi magana, ya ga yadda mutumin ke murna da ya yi masa alheri, sai ya ninke takardar ya sa a aljihu ya yi godiya.

Ya fito titin Anbariyya ya tsaya jiran motar Ƙuba, unguwarsu. Takardar nan ita ce komai. Da ita za a sabunta masa lasisin aiki, da aikin za a sabunta igama, wato takardar izinin zama, da igamar kuma shi da matarsa suke zaune a garin Manzo. Aikinsa murshid ne, wato mai yi wa jirgin ruwa jagora. Duk girman jirgi, duk taurin kan kyaftin ɗinsa, in ya iso bakin tasha dole ya tsaya ya sako tsanin igiya, Ashafa ya hau, shi zai ce a yi dama ko a yi hagu har a wuce duwatsun murjani da ke kwance ƙarƙashin ruwa. Mako guda yake yi a Yanbu, ya hau mota awa uku ya zo gida ya huta. Ɗan masuncin Yawuri ne, da kwalekwale ya fara, kuma bai taɓa jin tsoron ruwa ba sai Talatar da ta wuce.

Motar farko ta zo ta wuce shi, don bai iya karanta rubutun goshinta ba. Ta biyu sai da ya tambayi direba.

Ya tarar da Rakiya a tsakar gida tana tsince dabino a faranti, masu taushi gefe, busassu gefe.

"Sannu da zuwa, Malam. An samu?"

Ya miƙa mata. Ta duba hatimin, ta dube shi, ba ta ce alhamdulillahi ba. Ta shiga ta kawo shayi ta ajiye a damansa.

"Ya duba ka?"

"Ya ce kunya yake ji."

"Allah sarki Abdussamad. Ai da ma na san za a rina." Ta zauna kusa da shi. "Malam, wata huɗu ke nan ina ajiye maka kofi ta hannun dama. In na ajiye ta hagu sai ka yi ta lalube. Na yi shiru ne ina jiran ka faɗa da bakinka."

Kunya ta kama shi, da tausayin kansa, da wani irin sauƙi kuma. Ashe duk ɓoyon da yake yi, a banza.

"Idon hagun ya tafi, Rakiya. Tsakiyarsa baƙi ƙirin. Na daman ma ya fara hazo. Sukarin nan ne."

"Me ya faru ranar Talata? Ka dawo ko abinci ba ka taɓa ba."

Sai ya ba ta labari, a hankali, yana juya kofin a hannu. Jirgin fasinja ne daga Masar, mutum ɗari tara, yawanci masu zuwa Umra. Da safe ne, rana tar, ba iska. A tudun tashar akwai hasumiya biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Muddin murshid ya gan su sun hau layi guda, to jirgi yana tsakiyar hanya. In suka rabu, ya kauce.

"Na duba, ta bayan babu. Na murza ido, babu. Sai na ce wa mai riƙe da sitiyari ya ci gaba haka, don ƙafata ta san hanyar. Wani ƙaramin hafsa ne ya ce, 'Murshid, kamar muna zamewa hagu.' Na yi masa tsawa na ce na sani, sannan na sa aka karkata. Mun wuce dutsen, tsakaninmu bai kai faɗin tsakar gidan nan ba. Tsofaffi na can sama suna ta salati sun ga ƙasa, ba su san komai ba. Kyaftin ɗin har da kawo mini gahawa."

"Inna lillahi. Yaushe jirgin zai dawo?"

"Jibi da safe. Sunana ke jiki."

Rakiya ta ture farantin dabinon gefe. Shi ya san abin da ke ranta, kuma shi ne abin da ya hana shi magana a gaban likita. Ɗansu ɗaya tilo, Muhammadu, yana kwance a maƙabartar Baƙi'a, shekara tara ke nan. Mata ba sa shiga maƙabartar, don haka duk Juma'a bayan la'asar take zuwa ta tsaya jikin katanga, ta kama ƙarfen tagar, ta yi masa addu'a ta wajen da aka nuna mata. Ko zazzaɓi ba ya hana ta. In aiki ya tafi, biza ce ta fita ba dawowa, sai Yawuri.

"Shekara biyu kawai," ya ce da sauri, kamar mai roƙo. "Na san hanyar nan kamar ɗakina. Zan riƙa tambayar hafsoshi da dabara, in ce gwada su nake yi. Ba zan raba ki da yaron nan ba."

"Kai, Malam! Ka tsufa kana neman koyon wayo, kuma bai karɓe ka ba." Ta yi 'yar dariya, hawaye na zubo mata. "Matan da ke cikin jirgin nan, wasunsu shekara ashirin suna ƙulla niyyar zuwa garin nan. Ni na samu goma sha takwas. In tsaya jikin katanga ina yi wa nawa addu'a, kai kana can kana lalube da 'ya'yan mutane? Wace addu'ar ke nan?"

"Rakiya..."

"Muhammadu yana da maƙwabta nagari, ba ya buƙatar gadina. Zan yi kewarsa, wallahi zan yi, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma tashi."

Suka shiga falo. Ya ɗauki kan wayar ya kai kunne, ya tsaya yana kallon lambobin, ya matso da fuska, ya ja baya. Daga nan ya juyo gare ta.

"Ke za ki danna. Ba na ganin su."

Ya riƙa faɗo mata lambar ofishin tasha ɗaya bayan ɗaya. Ta yi kuskure a ta biyar, ta katse. Ya ce ta bari sai gobe in ba za ta iya ba. Ta goge ido da bakin mayafi, ta sake daga farko, wannan karon ba ta kuskure ko ɗaya ba.

Wayar ta yi ƙara sau uku, wani ya ɗauka.

"Murshid Ashafa ne," ya ce da Larabci. "Ku cire sunana daga jirgin jibi."

Muryar ta tambaye shi ko lafiya, sai yaushe za a mayar da shi. Rakiya ta kama masa ɗaya hannun ta riƙe gam.

"Kada ku mayar," ya ce.