Gwamnonin Bayan Gilashi

Ni na riga kowa ganewa. Duk layin tashar jirgi babu wanda ya lura da matar nan kafin ni, har Meshak mai faci da yake wuni a bakin titi yana kallon ƙafafun mutane. Hulda, rubuta haka, kada ki gyara mini magana. Hulda 'yata ce, ita ke riƙe da biro. Ni ban taɓa zama a aji ba, kuma har yau ban ga abin da na rasa ba.

Sunana Martins. Aski nake yi a Kafanchan tun jirgin ƙasa yana cin kwal. In ka shiga shagona ka ɗaga kai, sama da madubi za ka ga hoton gwamna a cikin firam na katako. Kowane shago yana da hoton gwamna, amma nawa daban ne. Kaurinsa ya kusa kai na bulo, ƙusa uku ke riƙe da shi. Dalili kuwa, ba a taɓa cire gwamna daga cikinsa ba. In sabo ya hau, sai in buɗe baya in sa shi a fuskar gilashi, tsohon ya koma bayansa. Soja yana nan, farar hula yana nan, kantoma yana nan, wanda aka tsige yana nan, wanda bai gama ɗumama kujera ba aka yi juyin mulki shi ma yana nan. A can ƙarshe akwai Bature mai hula da gashin tsuntsu.

Ba ni na sa Baturen ba. Nan maganar take.

Shagon na Oga Nwachukwu ne a dā, Ibo, shi ya koya mini riƙe almakashi. Shi ya sa Baturen, wanda ko da aka ba mu 'yanci sai da ya ƙara zama kafin a kawo ɗan ƙasa. Shi ya sa ɗan ƙasar, shi ya sa sojan farko. Kullum yakan ce, "Martins, gwamna ba ya son a cire shi. Rufe shi da sabo kawai. In ya dawo, ka san inda yake." Shekarar da aka kori Ibo, ni na ɗaukar masa akwati zuwa jirgi, matarsa Madam Ogochukwu tana goye da jariri. Ya miƙo mini makulli ta taga ya ce, "Riƙe wurin nan. Kada ka cire kowa." Bai dawo ba. Na ji yaƙi ya ci shi.

Tun daga ran nan nake riƙe. An ce mana mu 'yan Jos ne, aka dawo aka ce 'yan Kaduna ne, aka sake wa jihar suna, aka yanke Katsina, ni ina nan ina aski. Da aka ƙona kasuwa, mutane suna gudu da katifa da talabijin, ni firam na ɗora a kai na ratsa hayaƙi. Ba a taɓa kama ni da gwamnan da ba shi ba a bango. Rediyo kafin ya gama kiɗan soja, na riga na juya ƙusa. Amma takardar shago, ko ta sigari ba ni da ita.

To, sai ga matar nan. Doguwa, mai takalmin ofis, ta sauka daga okada ta tsaya a tsallaken titi tana kallon kwanon shagona. Ba alamar aski take kallo ba, kwano da bango take aunawa da ido. Washegari ta dawo, ta shigo ta zauna a benci. Mace a shagon aski, babu yaro a hannu, kanta kuma a kitse.

"Baba, sannu da aiki," in ji ta. Hausarta irin ta tsofaffin kwatas ɗin reluwe ce, wadda na daɗe ban ji ba.

"Yauwa, Madam. Gemu za a rage?"

Ta yi dariya, amma idonta yana kan firam. "Wannan hoton ya yi kauri."

"Katakon ne ya kumbura. Damina."

"Za a iya buɗe bayansa?"

"Kafinta ya tafi Kauru," na ce mata.

Da ta fita na bi ta da ido, na ga ta ɗaga waya ta ɗauki hoton ƙofa. Na ƙetara wurin Meshak.

"Ka ga wannan?"

"Wace? Mai jan jaka? Baba Martins, ka tsufa amma idonka bai yi ritaya ba."

"Rufe mini baki. Jinin Nwachukwu ce. Dubi goshinta. Shago ta zo karɓa."

Meshak ya ajiye tayar da yake bugu. Ya san labarin, duk layin sun sani. Ya ce, "Kana da takarda?"

"Gwamnoni ne takardata. In buɗe su a gaban kowa, a ga wanda ya sa su ɗaya bayan ɗaya tun zamanin soja."

"To ai su za su kashe ka," in ji shi. "Ana sauka ƙasa za a tarar da Bature. Kai kana da shago a zamanin Bature? Ukun nan na ƙarshe shaidar Ibo ne. Cire su yau, ka ba ni in sa a wutar faci. Firam ya fara daga kanka, magana ta ƙare."

Na dube shi da kyau. Meshak ya daɗe yana son gaban shagona don ya jera tayoyinsa. Mutumin da bai taɓa ba ni ko iskar keke kyauta ba, yau shi ne mai ba ni shawara kyauta? Wa ya sani ko matar ta riga ta biya ta wurinsa. In na ƙona su, gobe shi ne zai tsaya gaban mai unguwa ya ce da idonsa ya ga Martins yana ɓatar da shaida. In kuma na bar su, su yi magana a kaina. Ko ta ina dai shagon ne a bakin rami, ni kuma ba ni da wani wurin da zan kai almakashina. Gonar citta na bar wa ƙannena tun tuni.

Da rana tsaka na rufe ƙofa na sauke firam. Na lanƙwasa ƙusoshin baya, na fito da su duka a kan kujerar aski. Wasu sun manne da juna, soja ya liƙe a bayan farar hular da ya kora. Na kai ga Baturen. Hulda ta ce wai ta leƙo ta taga ta ga na riƙe shi na daɗe, ashana tana kusa da hannuna. Ƙura nake share masa. Ashanar kuma ta maganin sauro ce. Rubuta haka.

Na mayar da kowa wurinsa, na buga ƙusa, na rataye. Mutumin da ya miƙo mini makulli ta tagar jirgi abu ɗaya ya roƙe ni. Sojoji ba su sa na cire kowa ba, wuta ba ta sa ba, sai mai takalmin ofis?

Ranar Asabar ta dawo. Meshak ya biyo ta har ciki, wai ya zo aron tsintsiya.

"Baba, kafintan ya dawo daga Kauru?"

"Ni ne kafintan," na ce. "Ke kuma jikar Nwachukwu ce. Faɗi sunanki mu daina zagaye."

Ta ce, "Somkene. Jaririn da aka goya zuwa jirgi, babana ne. Shi da ƙanensa suna son shagon."

"Na sani tun kina tsallaken titi. Zauna."

Na sauke firam na ɗora a cinyata. Na fara zare su ina jerawa a benci, ina faɗa mata kowa da abin da aka yi a zamaninsa. Wannan a lokacinsa aka daina jin kukan jirgi kullum. Wannan ya zo Kafanchan, aka shafa wa duwatsu farar ƙasa, bai ko sauke gilashin mota ba. Wannan ya yi alkawarin ruwa. Wannan ma ya yi alkawarin ruwa. Benci ya cika, muka koma kan tebur. Meshak yana ta yi mini ido yana tari, don ya ga na kusa ƙasa. Ban tsaya ba.

"Daga nan," na ce, "ba hannuna ba ne. Sojan nan, da ɗan ƙasar nan, da wannan mai gashin tsuntsu, kakanki ya sa su. Ga su. Ki kai inda za ki kai."

Ta danna waya, ta yi magana da yarensu, sannan ta juya fuskar wayar ga Baturen. Sai na ji wata tsohuwar murya ta yi ihu daga ciki.

"Matso da shi! Ƙirjinsa, nuna mini ƙirjinsa!"

A ƙirjin Baturen akwai wani zagayen tabo, baƙi-baƙi.

"Tukunyata ce!" in ji muryar. "Ranar da aka kawo hoton na sauke miya a kai, maigida ya kusa mayar da ni gidanmu. Martins! Kai ne ka zama tsoho haka? Ina gashinka?"

"Madam Ogo," na ce, "mai aski ba ya barin kaya a kansa."

"Ni da na ɗauka lambar yabo ce," in ji Meshak. Babu wanda ya kula shi.

Somkene ta faɗa mini sauran. 'Ya'yan sun daɗe suna damun tsohuwar a kan shagon Kafanchan. Ita kuma ta ce a je a buɗe firam. In yaron nan ya cire Baturen, ya ci amana, a karɓe wurin ko da kotu. In Bature yana nan, duk wanda ya taɓa shagon kada ya zo jana'izarta. Na ji muryar namiji a cikin wayar yana gunaguni, tsohuwar ta daka masa tsawa.

"A bar masa," in ji tsohuwar da Hausa, don in ji. "Na faɗa a gaban Ubangiji."

Na gode mata. Amma ni na ji alkawari daga bakin gwamnoni da yawa, don haka na sa Somkene ta maimaita a gaban mai unguwa da fasto kafin ta hau mota. Ta maimaita. Da za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa.

"Baba, ba ni Baturen kawai in kai wa Kaka. Ta ga tukunyarta."

Kun ji? Tarko na ƙarshe, da murmushi a kai.

"Oga ya ce kada a cire kowa," na ce. "In Madam tana son ganinsa, ta zo. Kujera tana nan."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, wai ba gwaji ba ne. Wataƙila. Ni dai na ƙara ƙusa ta huɗu, kuma na ja layi a ƙasa inda tayar Meshak ba za ta ƙetare ba.

Yanzu ana ta maganar wanda zai hau nan gaba. Ya zo, akwai wuri, bayan wani zai koma shi ma wata rana. Wanda kuma yake ganin ƙarya nake yi, shagon yana nan daura da tasha, ban gusa ba. Ya zo ya zauna, in sauke firam in buɗe masa har ƙasa. In bai ga tabon tukunya a ƙirjin Bature ba, ga reza, ya aske mini gemu a tsakiyar titi. In kuwa ya gani, ni zan aske nasa, kuma babu sabulu.